Jar Wuta a Bayan Hoto

A kasuwar katako ba kowa ya san sunansa na yanka ba. Baba Ba-Komai ake ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa. Taya ta fashe masa da lodi a tsakiyar gada, ba komai. Ruwan sama ya jiƙa masa siminti, ba komai. Ranar da katako ya faɗo masa a ƙafa ya fasa babban yatsa, yana ɗingishi yana ce wa masu yi masa sannu ba komai, har wani ɗan dako ya gaji ya ce, "To Allah ya ƙara." Masu kyautata zato suna kiran wannan haƙuri. Ba haƙuri ba ne. Mutumin dai ba ya son mugun labari ne kawai, in ya hango shi tafe sai ya ja ƙofa ya ce maigidan ba ya nan.

Da ɗaukar katako a ka ya fara. Daga nan ya zama yaron mota, ya koyi tuƙi a sace, ya yi shekara da shekaru yana ja wa mutane, kafin Allah ya sa ya sayi a-kori-kura ta kansa. Ko a lokacin ba yarinya ba ce, ta sha hannu, amma ya raɗa mata suna Gimbiya, kuma bai yarda a yi dariya ba. Ƙofar direba ba ta buɗuwa sai ka zura hannu ta taga. Birkin hannu wani guntun katako ne da ake cusawa a ƙarƙashin taya. Kujera ta lotsa daidai jikinsa, in wani ya zauna sai ya nutse har sitiyari ya kai masa haɓa. Duk da haka da ita ya ciyar da gida, da ita ya kai matarsa asibiti duk haihuwa, da ita ya kwashi akwatunan 'ya'yansa zuwa makaranta, daga baya ya kwashi gadajensu zuwa gidajensu.

A 'yan shekarun nan sai abubuwa suka fara matsowa kusa da motar ba sallama. Ginshiƙin ƙofar gida ya goge mata ƙugu ba sau ɗaya ba, Baba ya ɗora laifin a kan maginin da ya ƙuntata ƙofar, bawan Allah da ya daɗe a kabari. Wata rana yana ribas teburin mai lemo ya shige ƙarƙashinta, Allah ya sa mai teburin ya ɗan tashi. Baba ya ce ai da can ba nan teburin yake ba.

Sai 'ya'ya suka taru a falo. Babbar 'yarsa ce ta yi magana, wadda har shi kansa Malama yake ce mata, don shugabar makaranta ce, ko gaishe ka take yi sai ka ji kamar za ta tambaye ka aikin gida.

"Baba, motar nan ta tsufa," in ji ta. "Ka huta haka nan. Mun isa mu riƙe gidan."

"Ita ta ce miki ta gaji?"

"Ba ta ce ba."

"To ranar da ta ce, sai in ajiye."

Ya faɗa ne don taro ya tashi, amma Malama ta cafke maganar tun ba ta faɗi ƙasa ba. "Kowa ya ji ko? Ranar da injin motar nan ya kwanta, Baba ya ajiye makulli. Ba sauke inji, ba sayen wani." Ya ce ya ji. Matarsa, wadda 'ya'ya da jikoki ke kira Inna, ta ce ita ce shaida.

Ba yunwa yake tsoro ba, ya san 'ya'yansa ba za su bar shi ba. A bakin layinsu akwai wani benci a ƙofar shagon mai aski, inda tsofaffin da suka ajiye aiki ke zama daga hantsi har la'asar, suna musu a kan labaran rediyo da ciwon gwiwa, suna jan bencin duk inda inuwa ta juya. Kullum ya zo wucewa da lodi sai ya danna musu hon ya ɗaga hannu, a ransa yana cewa Allah ya tsare. Ya lura akwai sauran wurin mutum ɗaya a ƙarshen bencin, kuma ba ya son irin fara'ar da mai askin ke yi masa.

Tun daga ranar taron Inna ta zama mai gadin alkawari. Da ma ita ke share wurin da motar ke kwana, yanzu sai ta ƙara da sunkuyawa. Ran nan da safe ta leƙo ɗaki da tsintsiya a hannu.

"Malam, Gimbiyarka ta yi fitsarin kwance."

"Raɓa ce."

"Baƙar raɓa?"

Mai hankali zai kai ta gareji a sa sabon gasket mai hana yoyo a bakin kwanon mai, wato kwanon nan na ƙasan inji inda baƙin mai ke taruwa. Gareji kuwa a gida yake, don mijin Malama bakanike ne, ana ce masa Injiniya. To nan fa matsalar take. Abin da Injiniya ya gani da rana, Malama za ta ji shi kafin a kwanta. Sauran kanikawan unguwa kuma ko abokansa ne ko yaran da ya yaye. Saboda haka Baba ya sayi jan gam na liƙe inji, ya kai motar bayan kasuwa inda ake zubar da dusar katako, ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashinta. Ya sassauta notocin kwanon, ya matsa gam a tsagar har ya tumbatsa, ya ɗaure. Abin da ya bulbulo waje ya shafe da yatsa. Abin da ya bulbulo ciki bai gan shi ba, don haka babu shi. Ɗigo ya tsaya. Duk sanda ya dawo sai a koma bayan kasuwa a ƙara gam, har mai kayan gyara ya fara ware masa nasa a gefe.

Haka aka yi ta tafiya, Inna na shara ba ta samun abin kai rahoto, Baba na fita yana 'yar waƙarsa. Sai wata rana da azahar, a cikin cunkoso, mota a tsaye, inji ya ɗau zafi yana silo, 'yar jar wutar nan mai zanen buta ta ƙifta a gaban sitiyari. Ya taka totur, ta mutu. Ya ɗaga ƙafa, ta dawo. Direban da ya kai shekarunsa ya san abin da take cewa: mai ba ya zagaya inji da ƙarfin da ya kamata, injin da mai ya yi wa rowa kuwa ƙarshensa ya buga. Baba ya san wannan sarai. Ya faka, ya zaro sandar awon mai, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa, ya bi ta da yatsa. Mai cike yake. Sai ya ji sanyi a ransa, ya yanke hukunci wutar ce ba ta da hankali.

Mai kayan gyara ya goya masa baya, kamar yadda yake goya wa duk wanda ya shigo masa shago. "Suwic ɗin da ke kunna wutar ne, Baba. In ya tsufa ƙarya yake yi." Rabon da wata magana ta yi wa Baba daɗi haka an daɗe. Ya sayi sabon suwic ya ɗaura da kansa, sabon ya ɗora daga inda tsohon ya tsaya da ƙaryar. Aka ce to a gwada mai mai kauri. Ya juye na ciki ya ɗura wani mai kauri kamar zuma. Wutar ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta dawo, yanzu ma ba ta jiran azahar.

Da dabarun mutane suka ƙare sai ya koma ga tasa, wadda ya fi ƙwarewa a kai. Akwai ɗan hoton jikarsa, 'yar Malama, cikin kayan makaranta, a aljihun motar. Ya ɗauko ya liƙa a kan wutar da salatif. Wa zai ga laifin kakan da ya sa hoton jikarsa a gabansa? Illa dai in an tsaya a cunkoso goshin yarinyar yakan yi ja. Wani mai kaya da ya zauna a gaba ya taɓa tambaya, Baba ya ce hasken rana ne.

Wuta ana rufe ta, amma ƙara ba ta da inda za a liƙa mata hoto. In inji ya yi zafi sai ya fara wani ƙas-ƙas-ƙas daga sama, kamar ana buga cokali a jikin kofi. Kunnen Baba kuwa garau yake, ko noti ya sassauta yana ji. Ya rage lodi, ya daina zuwa nesa. In ya tsaya a danja sai ya yi ta ba ta wuta don kada goshin jikarsa ya yi ja, har 'yan babur suna tambayar juna ina tsohon nan yake sauri. Ya taɓa satar jiki ya je wani gareji can ƙarshen gari inda ba a san shi ba. Bakaniken ko sunkuyawa bai yi ba, ya ce sai an sauke inji. Baba ya ce bari ya je ya dawo, bai ƙara bin titin ba. Abinci ya daina shiga, wandonsa ya fara zamewa. Inna ta tambaye shi abin da ke damunsa, ta samu amsar da ta saba samu.

Wata rana da hantsi yana zaune a bayan motar a kasuwa yana jiran lodi, sai ga babur ya tsaya. Sai da mutumin ya durƙusa ya yi gaisuwa Baba ya gane muryar surukinsa. Tsakaninsu akwai kunya, shekara da shekaru zancensu bai wuce ina gajiya da ya aiki ba. Injiniya da ma ba mai yawan magana ba ne, irin mutumin da in yana sauraron inji ko sallama ba ya ji.

"Baba, jiya ka wuce ta bakin titinmu."

"Na wuce. Sauri nake."

"Na ji motar."

"Lafiyarta ƙalau."

Injiniya ya ci gaba da kallon ƙasa. "Ka yi haƙuri, Baba. Saman injin nan ba ya samun mai. In aka ƙara ɗora mata lodi yau, ban ce za ta kai yamma ba."

"Matarka ce ta aiko ka?"

"Da ta san na zo, da yau ban ci abinci a gidan ba."

Ba komai ta zo wa Baba har bakin leɓe, ta ƙi fita. Ya cire katakon ƙarƙashin taya, suka lallaɓa zuwa gareji, babur a gaba, Gimbiya a baya tana ƙas-ƙas.

Injiniya ya sallami yaransa gaba ɗaya, ya ja ƙyaure, ya kawo wa surukinsa kujera. Ya kwance sabon suwic ɗin, ya ɗaura tiyon wani agogo mai allura a gurbinsa.

"Suwic magana biyu ya iya, Baba, ko akwai ko babu. Wannan shi zai nuna mana ƙarfin man." Ya tada mota. "Da sanyi ga shi ba laifi. Zo ka gani."

Baba bai tashi ba, ya ce ya yarda da shi. Suka jira har inji ya ɗau zafi, ƙarar ta taso. Injiniya ya ja ɗan tsaki ya kashe motar.

"Allura ta kwanta. Suwic bai yi ƙarya ba, ina jin tsohon ma da gaskiyarsa. Ko fanfon mai ya gaji, ko metal ɗin da ƙarfen inji ke juyawa a kai ya cinye, ko wani abu ya toshe hanya. Sai an buɗe ƙasa."

"In metal ne fa?"

"In metal ne, sai an sauke inji."

Baba ya ji kamar katakon bencin mai aski ne a ƙarƙashinsa, ya gyara zama.

Injiniya ya juye mai ya shige ƙarƙashi. Notoci duk sun fita amma kwanon ya ƙi rabuwa da inji, sai da aka sa guduma da ƙarfe. Daga can ƙasa aka ji yana cewa, "Wane mara tausayin ne ya..." sai kuma ya haɗiye sauran. Baba ya yi tari ya kalli rufi.

Can ya fito da bututun da fanfo ke zuƙar mai da shi, mai rariya a baki, ya ɗora a hannun Baba. Baba ya shafa. Inda ya kamata ya ji ramukan rariya sai ya ji wani abu mai laushi, ya ja, ya biyo hannunsa zarara kamar tana. Bai tambaya ba. Yatsunsa sun san wannan gam.

"Fanfo lafiyarsa lau, yana ja ne ba ya samu," in ji Injiniya. "Mai kaurin nan kuma ya ƙara shaƙe shi." Ya koma ƙasa ya kwanto metal ɗaya, ya kai bakin ƙyaure inda haske yake, ya daɗe yana juya shi. "Ya ɗan karce, amma bai ci ba. Allah ya rufa asiri, Baba. Injin nan in an kula da shi sai ya binne wasu sababbin."

Daɗi da kunya suka rufe Baba lokaci ɗaya, amma daɗin ya fi yawa. Ya rage murya. "To kai ma ka rufa min nawa. Kada mutanen gida su ji maganar wutar nan."

Injiniya ya ci gaba da wanke rariya da fetur. "Ai sun sani."

"Wa ya gaya musu?"

"Ranar da ka kai Inna dubiya ta ga goshin yarinyar ya yi ja. Ta tambaye ni me ke wurin, na faɗa mata. Malama ta ce kada in taɓa, a bar motar ta mutu da kanta, ba sai an yi rigima da kai ba. Na yi ƙoƙari, Baba. Ni dai ba zan iya jin inji yana kuka in wuce ba."

Wato duk ramar da ya yi yana ɓoye-ɓoye, su suna can suna jira, Inna na zuba masa abinci tana kasa kunne ko yau ce ranar. Ransa ya ɓaci ƙwarai. "Me motar nan ta yi musu? Ba ita ta mai da su mutane ba?"

Injiniya ya duƙufa kankare gam daga bakin kwanon.

Aka sa gasket, aka sa sabuwar filta, aka ɗura mai irin wanda injin ke so. Da aka tada, ƙas-ƙas ɗin ya yi ɗan gardama sannan ya ɗauke. Inji ya yi zafi, Injiniya ya duba agogonsa ya yi hamdala, ya kashe. Baba ya tashi da ƙarfinsa ya shiga gaba, ya ɓare hoton jikarsa a hankali ya sa a aljihu, bonet a ɗage, yana jin surukinsa na 'yan kwance-kwance a gaban mota. Da aka ce ya tada, ya murɗa makulli. Jar wuta ta kama, ta mutu, ba ta dawo ba.

Ya sauko ya zagayo, ya ga ƙyallin agogon a gefen inji, ya ɗauka ya ɗaga shi sama.

"Ka gani? Ga allura can sama! Sai ka je ka gaya wa matarka."

Wani abu ya taɓa gwiwar Baba, yana ɗiga masa mai a takalmi. Ya bi shi da hannu. Tiyon agogon ne ke reto, tuni an kwance shi an mayar da suwic, ba a haɗe yake da komai ba. Ya kawo agogon dab da hancinsa. Sai a nan ya ga allurar, tana kwance a kan sifiri.

Ashe ba motar ce ta yi wa 'ya'yansa komai ba. Bakin da za su ce wa ubansu idonsa ya tafi ne suka rasa, sai suka ɗora wa Gimbiya. Shi ma ba yau ya san da hazon da ke idonsa ba, ya daɗe yana goge gilashin mota yana zagin masu sayar da tsumma. Teburin mai lemo ya faɗo masa a rai, ya tuna kujerar da ke bayan teburin, wadda a ranar ba kowa a kai. Tsoro ya kama shi, irin wanda jar wutar ma ba ta ba shi ba.

Alkawari dai yana hannunsa. Inji bai kwanta ba, ga shi nan yana silo sumul, ba mai ikon karɓar makulli ko da Malama ce. Ya ajiye agogon, ya je ƙofar direba, ya zura hannu ta taga ya buɗe. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya zagaya ɗaya gefen.

"Gyaranka ne," ya ce. "Zo ka ja ta mu ji."

Injiniya ya goge hannu ya shiga, ya nutse a kujerar. Da suka zo wucewa ta shagon mai aski, Baba ya miƙa hannu ta gaban surukinsa ya danna hon da kansa, don kada a ce wani abu. Motar ta shige ƙofar gida ba ta taɓa ginshiƙi ba, da sauran fili ta kowane gefe. A ransa ya ce Allah ya jiƙan magini.

Inna tana tsakar gida da tsintsiya. Ta kalli wanda ke kan sitiyari, ta kalli wanda ya fito ta gefen fasinja.

"Malam, lafiya? Motar ce?"

"Motar lafiyarta ƙalau."

"To me ya faru?"

Bakinsa ya buɗe a kan maganar da ya saba. Inna ma ita take jira.

"Ki kira min Malama," ya ce. "Ki ce gobe ta zo ta kai ni wajen likitan ido."

Ya karɓi makullin daga hannun Injiniya ya miƙa mata, ya ɗan kauce wa tafin hannunta. Ta matsar da hannun ta tare shi, kamar yadda ashe ta daɗe tana yi masa da kofi da kwano.